Wa ya yaɗa Kiristanci: Bulus, Sarki Konstantin, ko mutanen gida?

Ɗalibar Samaru:
Salama gare ku 'yan zaure. Tambaya ce da ni ga masana tarihi. Ana yawan cewa Kiristanci bai samu gindin zama ba sai da Sarkin Rum Konstantin ya karɓe shi ya ɗora wa talakawansa. Wasu kuma su ce a'a, tun ba a haifi kakansa ba abin ya cika gari. Littafin Ayyukan Manzanni ya ce mutum wajen 120 ne suka fara taruwa a Urushalima, kuma manyansu masunta ne daga Galili. Ta yaya waɗannan suka zama addinin daular da ta fi kowace ƙarfi a zamaninta? Don Allah tarihi nake so, ba wa'azi ba.

Bakatsine:
Ai amsar a fili take. Sarki ya karɓa, talaka ya bi. Ina aka taɓa yin wani addini da ya mamaye ƙasa ba da hannun masu mulki ba?

Malamin Tarihi:
Bakatsine, ka yi saurin yanke hukunci. Bari mu jera shekarun mu gani. Bilatus ya yi gwamnan Yahudiya daga 26 zuwa 36 miladiyya, a cikin wannan tsakanin lamarin ya faro. Konstantin bai ci yaƙin gadar Milbiya ba sai 312, yarjejeniyar Milan da ta ba Kiristoci 'yancin ibada kuwa 313 ce. Wato shekara kusan 280 addinin yana tafiya ba sarkin Rum ko ɗaya a bayansa, hasali ma sarakunan kansu ne ke sa a kashe mabiyansa lokaci zuwa lokaci. A shekarar 64 da gobara ta cinye Rum, Niro ya ɗora laifin a kan Kiristoci, aka ƙone wasu, aka jefa wa karnuka wasu. Marubucin tarihin Rumawa Tasitus ne ya ba da labarin, shi kuwa ba ya ƙaunarsu ko kaɗan. Abin lura a nan shi ne, shekara talatin da 'yan kai bayan farawa, har sun yi yawan da za a nuna su da yatsa a babban birnin daula.

Ga wata shaidar da ta fi burge ni. Wajen 112 gwamnan Bitiniya, a arewacin Turkiyya ta yau, mai suna Filini, ya rubuta wa Sarki Tirajan yana neman shawara. Ya ce abin ya shiga birane da ƙauyuka, maza da mata, manya da yara, har an kusa ƙaurace wa ɗakunan gumaka, naman hadaya ma ya rasa masu saye. Ya sa aka azabtar da wasu kuyangi biyu da ke hidima a cikin jama'ar don ya ji sirrinsu. Iyakar abin da ya tarar: suna haɗuwa kafin gari ya waye a wata rana ta musamman, su rera waƙa ga Almasihu, su yi alkawarin ba sata, ba zina, ba cin amana, daga baya su dawo su ci abinci tare. Tirajan ya amsa cewa kada a bi su gida-gida, kada kuma a karɓi ƙarar da ba sa hannu, amma wanda aka kawo ya ƙi yin hadaya a hukunta shi. Wannan shekara 200 ke nan kafin Konstantin.

Bakatsine:
To Malam, gunduma ɗaya ce fa ka kawo. Gunduma ɗaya ba daula ba ce.

Malamin Tarihi:
Gaskiyarka, kuma ba a yi ƙidaya ba a lokacin, duk abin da za ka ji ƙiyasi ne. Ƙiyasin da aka fi yawo da shi na wani masanin zamantakewa ne ɗan Amurka, Rodney Stark. Ya ce a ɗauka mutum 1,000 ne a shekarar 40, suna ƙaruwa da kashi 40 cikin ɗari duk shekara goma. A shekarar 100 ba su kai 8,000 ba, a 200 sun ɗara 200,000, a 300 sun haura miliyan 6, cikin daular da ake ƙiyasta mutanenta miliyan 60. Kashi 40 a shekara goma fa ba wani abin mamaki ba ne: cikin kowane mutum ɗari a samu ƙarin uku ko huɗu a shekara. Mace ta ja mijinta, mai gida ya ja barorinsa, maƙwabci ya ja maƙwabci. Sannu ba ta hana zuwa.

Baba Rabaran:
'Yata ta Samaru, Allah ya yi miki albarka da wannan tambaya. Malam, na yarda da yawancin maganarka, amma 1,000 ɗin nan ba ta shige ni ba, domin Ayyukan Manzanni ya ce a ranar Fentikos kaɗai an yi wa mutum wajen 3,000 baftisma. Wannan kuwa mu bar shi, kowa da inda ya dogara.

Abin da nake so ku duba shi ne hanyar da suka bi. Tun kafin haihuwar Yesu Yahudawa sun watsu a Iskandariya, Antakiya, Afisa, Koranti, har Rum, ko'ina da majami'arsu, kuma an riga an juya Attaura zuwa Helenanci, wato Girkanci, harshen kasuwa na gabashin daular. A bakin waɗannan majami'u akwai mutanen da ba Yahudawa ba, suna zuwa sauraro, suna son Allah ɗaya, amma kaciya da dokokin abinci sun tsare su a ƙofa. Bulus in ya shiga gari, majami'a yake fara nufa ran Asabar. In aka kore shi, waɗannan na bakin ƙofar su ne ke bin sa. Kuma ba da kuɗin kowa yake yawo ba, ɗinkin tanti yake yi. A Koranti ya sauka gidan Akila da matarsa Bilkisu don sana'arsu ɗaya. A Filibi kuwa wata 'yar kasuwa Lidiya, mai sayar da tufafin shunayya, ita ta karɓi bishara ita da gidanta duka, gidan nata ya zama wurin taro. Ba coci ko ɗaya da aka gina a wancan zamani. Ginin sujada mafi daɗewa da aka tono, a Dura ta ƙasar Siriya, gidan zama ne aka rushe bango ɗaya aka faɗaɗa ɗaki, wajen shekarar 240.

Ɗan Zangon Kumasi:
Baba, wannan bayanin naka ni ban ji shi baƙo ba. Haka fatakenmu suka kai Musulunci Gwanja da Asante. Mai goro ya sauka zango gidan ɗan'uwansa, a yi ciniki, a yi aure, a kafa masallaci, kafin sarkin gari ya farga unguwa ta cika. Ba ganga ba takobi.

Ustaz na Fagge:
Allah ya ƙara girma, Baba Rabaran. Ni akwai wurin da nake so a tsaya, domin an wuce shi da sauri. Mu Musulmi mun san matsayinmu game da Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ba mu yarda an gicciye shi ba, wannan ba sai an ja ba a nan. Amma ta fuskar tarihi tsantsa: jama'ar farko ta Urushalima, ƙarƙashin Yakubu, wanda Sabon Alkawari ya kira ɗan'uwan Isa, Yahudawa ne masu kaciya, masu zuwa Haikali, masu kiyaye Attaura. Bulus bai taɓa zama da Isa a rayuwarsa ta duniya ba. Shi ne ya dage cewa baƙi su shigo ba kaciya. Shi da bakinsa, a wasiƙarsa ga Galatiyawa, ya ce ya tsaya wa Bitrus ido da ido a Antakiya kan maganar cin abinci da waɗanda ba Yahudawa ba. To abin da ya yaɗu ɗin nan, na Hawariyawa ne ko na Bulus? Kuma ina aka kai Ebiyonawa, waɗanda suka riƙe Attaura, suka ɗauki Isa mutum, suka ƙi Bulus?

Baba Rabaran:
Ustaz, tambayarka mai nauyi ce, ba kuwa zan ce ba a yi saɓani ba, tunda Littafin da kansa bai ɓoye ba. Amma ka karanta wasiƙar har ƙarshen zancen. A sura ta biyun nan da ka ambata, Bulus ya ce Yakubu da Bitrus da Yahaya sun ba shi hannu, aka raba aiki, su wajen masu kaciya, shi wajen al'ummai. Taron Urushalima, wajen shekarar 49, shi ya yanke cewa kada a ɗora wa baƙi kaciya, sai dai su guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da mushen da aka maƙure, da fasikanci. Yakubun ne ma ya furta hukuncin. Sannan ka tuna, ikkilisiyar Rum ba Bulus ya kafa ta ba, ya rubuta musu wasiƙa tun bai taka garin ba. Ta Antakiya ma, inda aka fara kiran su Kirista, ya tarar da ita ne. Ta Iskandariya bai je ba sam. Mutanen da suka kai saƙon waɗannan wurare yawancinsu ko sunayensu ba a rubuta ba.

Malamin Tarihi:
Ku duka biyu kuna da abin riƙewa. Abin da ya karya reshen Urushalima ba muhawara ba ce, yaƙi ne. An kashe Yakubu a 62, Yusufus marubucin Yahudawa ya ambata. A 66 Yahudawa suka yi wa Rum tawaye, a 70 Titus ya rushe Haikali. Bayan tawaye na biyu da ya ƙare a 135 aka hana Yahudawa zama a birnin gaba ɗaya. Uwa ta watse, 'ya'yan da ke Antakiya da Afisa da Rum, masu Helenanci, su suka ci gaba da magana. Ebiyonawa sun yi saura a gabashin Urdun da Siriya na wasu ƙarnuka, amma kusan duk abin da muka sani game da su daga alƙalamin abokan hamayyarsu ya fito. Mai karatun tarihi sai ya riƙe wannan a ransa.

Maman Biyu:
Ku maza kun tsaya kan Bulus da sarakuna. Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in faɗi abin da na fi gani. An yi annoba biyu manya a daular Rum, ɗaya ta fara a 165, ɗaya wajen 250. Bishop na Iskandariya a lokacin ta biyu, Diyonisiyus, ya rubuta cewa mutane na tura 'yan'uwansu kan titi tun ba su cika ba don tsoron kamuwa, su kuwa Kiristoci suna zama da marasa lafiya, suna wanke gawa, da yawansu suka kamu suka mutu. Za ku ce yabon kai ne, to. Amma duk wanda ya yi aiki a ɗakin masu amai da gudawa ya san abu ɗaya: mai zazzaɓin da ya kasa tashi, sau da yawa ba ciwon ke kashe shi ba, rashin mai ɗaga kansa ya ba shi ruwa ne. Na ga wanda aka kawo idanu sun faɗa, fatar hannu in ka ja ba ta komawa, harshe a bushe, bayan kwana biyu na ruwa da kunu yana zaune yana tambayar takalminsa. Yanzu a ce maƙwabciyarka ce ta yi maka haka bayan danginka sun gudu. In ka warke, gidan wa za ka?

Malamin Tarihi:
Maman Biyu, ba yabon kai kaɗai ba ne, akwai shaidar maƙiyi. Sarki Yuliyan, wanda ya hau mulki a 361 ya yi ƙoƙarin mayar da bautar gumaka, ya rubuta wa wani babban limamin gumaka a Galatiya yana ƙorafin cewa Galilawan nan, wato Kiristoci, suna ciyar da matalautansu har da na Rumawa, ya umarta a buɗe gidajen baƙi don a yi gasa da su. Kafin nan, wajen 251, Bishop na Rum Karniliyus ya lissafa cewa ikkilisiyarsa tana ɗauke da gwauraye mata da mabukata fiye da 1,500. Ka ga wannan ai baitulmali ne, a lokacin da addinin haramtacce ne.

Bakatsine:
To duk na ji. Amma kada a mai da su mala'iku. Ba duka suka tsaya ba da wuta ta yi wuta.

Malamin Tarihi:
Ko kusa. A 250 Sarki Desiyus ya ce kowa a daula ya yi hadaya a gaban hukuma ya karɓi takardar shaida. An tono irin waɗannan takardu fiye da 40 a Masar, ɗan guntun takardar gargajiya, da sunan mutum, da furucin cewa ya zuba abin sha ya yi hadaya ya ɗanɗana naman, da sa hannun jami'ai a ƙasa. Kiristoci da yawa sun yi hadayar, wasu suka ba da cin hanci aka rubuta musu ba su yi ba. Da ƙura ta lafa rigima ta tashi kan ko a sake karɓarsu. Tsanani mafi muni ya zo a 303 zamanin Diyokilishiyan, aka rushe wuraren sujada, aka ƙone littattafai. Daga nan ne ikkilisiyar Afirka ta Arewa ta tsage biyu, 'yan Donatus suka ce limamin da ya miƙa Littafi ga hukuma ba shi da sauran limanci. Wannan ɓarakar ta fi shekara ɗari. Duk da haka, a 311 Sarki Galeriyus, ɗaya daga cikin masu hura wutar, ya janye dokar yana kan gadon mutuwa. Kafin Konstantin ya ci yaƙinsa ke nan.

Inda kake da gaskiya, Bakatsine, shi ne bayan 313. Konstantin ya mayar musu da dukiyarsu, ya gina manyan coci-coci, ya sa hutun Lahadi a 321, ya tara bishop-bishop a Nikiya a 325. Daga nan shiga Kiristanci ya zama hanyar samun muƙami. A 380 Tiyodosiyus ya mai da shi addinin daula, a farkon shekarun 390 aka haramta hadayar gumaka, aka rushe babban haikalin Sarafis a Iskandariya. Waɗanda aka tsananta wa jiya suka koma masu tsanantawa. Daga kashi goma zuwa rinjaye, hannun sarki na ciki dumu-dumu. Amma sarki ya tarar da abin da rai ne, shi ya sa ma ya ga amfanin riƙe shi.

Ustaz na Fagge:
A Nikiyan nan ba a can aka zaɓi Linjila huɗu aka ƙone sauran ba?

Malamin Tarihi:
A'a Ustaz, wannan maganar tana yawo amma ba ta cikin abin da taron ya tattauna. Rigimar Ariyus aka zauna a kai, wani limamin Iskandariya da ya ce Ɗan, wato Almasihu, halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Taron ya ƙi wannan, aka kuma yi maganar ranar Ista da tsarin shugabanci. Linjila huɗu kuwa Bishop Ireniyus ya riga ya kare su wajen 180. Jerin littattafai 27 na Sabon Alkawari yadda suke yau ya fito a wasiƙar Atanasiyus, Bishop na Iskandariya, ta 367. In hujja kake nema cewa an yi jayayya kan matsayin Isa tsakanin Kiristoci, Ariyus ya ishe ka, ba sai ka jingina da ƙona Linjila ba.

Ɗan Mai Wurno:
Gaisuwa daga Sudan. Tun ɗazu Rum kawai nake ji, kamar babu wata duniya. Mutumin nan na Habasha da Filibus ya yi wa baftisma a Ayyukan Manzanni sura 8, ma'ajin Kandakatu ne, wannan kuwa sarautar matan Marawi ce, nan ƙasarmu a bakin Nilu. Sarkin Aksum Ezana ya karɓi Kiristanci a ƙarni na 4, ana ganin sauyin a kuɗinsa, na farko da jinjirin wata da faifai, na baya da gicciye. Bishop ɗinsu na farko, Firumentiyus, yaro ne ɗan Taya da aka kama a bakin Bahar Maliya, Atanasiyus ya naɗa shi. Wannan masarautar ce ta Najjashi da Sahabbai suka yi hijira zuwa gare ta wajen 615. Armeniya ta riga Rum mai da shi addinin ƙasa, a al'adarsu 301 suke cewa. A gabas kuma, ƙarƙashin Farisa, ba sarkin da ya karɓi addinin. Musuluntar, ina nufin tubar Konstantin, bala'i ma ta jawo musu, don Sarki Shafur na biyu ya ɗauke su 'yan leƙen asirin Rum ya yi ta kashe su. Duk da haka wannan ikkilisiyar ta gabas ta kai Sin a 635, akwai dutsen da aka kafa a 781 da ya ba da labarin. Turawan Ingila da suka kawo mana mishan, kakanninsu Angulo-Sakson sai 597 aka aika musu da mai wa'azi daga Rum.

Ɗalibar Samaru:
Ikon Allah. To Malam, in Afirka ta Arewa ta yi ƙarfi haka, me ya sa yau akwai Kibɗawa a Masar, akwai cocin Habasha, amma Tunisiya da Aljeriya babu?

Baba Rabaran:
'Yata, wannan tambayar tana ci mini rai tun ina makarantar tauhidi. Ƙasar da ta haifi Tatuliyan, da Sifiriyan da aka fille wa kai a 258, da Fafetuwa matashiya mai shayarwa da aka jefa wa namun daji a Kartaj a 203, da Agustin ɗan Tagaste a Aljeriya ta yau. Ni a ganina harshe ne. Su da Latin suka yi komai, Berber na karkara bai samu Littafi da harshen uwarsa ba. Masar kuwa an juya shi zuwa Kibɗanci, Habasha zuwa Ge'ez, Siriya zuwa Suryananci, Armeniyawa har haruffa aka ƙirƙiro musu wajen 405 don wannan aiki. Inda Littafi ya shiga harshen gida, ya zauna.

Ɗan Mai Wurno:
Baba, da girmanka, Nubiya ta karya wannan ƙa'idar. Mishan ya iso musu a 543, sun rubuta addu'o'i da sassan Littafi da harshensu na Nubiyanci, sun gina babban cocin Faras da 'yan Folan suka tono a shekarun 1960, aka kai wasu zanen bangonsa gidan tarihi na Khartum. Sun tare rundunar Larabawa a Dongola a 652 har aka yi yarjejeniyar da ta daɗe ɗaruruwan shekaru. Suna da harshen, amma yau ina suke?

Malamin Tarihi:
Nubiya ta jingina da abu biyu, fada da Iskandariya. Daga Masar ake naɗa musu bishop, sarki kuma shi ke riƙe da coci. Da sarauta ta koma hannun Musulmi, a 1317 aka mai da babban ginin fadar Dongola masallaci, rubutun yana jikin bango. Hanyar Iskandariya ta toshe, limamai suka ƙare ba masu maye gurbi, Soba ta faɗi wajen 1500. Kibɗawa kuwa tun 641 ba su da sarki nasu, sun saba rayuwa ba fada, ga gidajen sufaye a hamada suna fitar da shugabanni.

Bakatsine:
Ka ga ni, Malam? Ka dawo kan maganata. Sarki ya tafi, addini ya tafi.

Maman Biyu:
A Nubiya ba. A Masar kuma sarkin ya tafi shekara fiye da 1,300, mutanen na nan miliyoyi. Sai ka zaɓi wadda za ka ɗauka.

Ustaz na Fagge:
Baba Rabaran, ni har yanzu Ebiyonawa na tsaye mini. In an jima bayan Isha zan kawo abin da Ireniyus da Bishop Ifafaniyus suka faɗa a kansu, mu duba tare, don ina ganin akwai abin da ba a gama ba a can.

Baba Rabaran:
Kawo, Ustaz. Amma ka haɗo da wasiƙar Yakubu, sura ta biyu, don a can za mu fi daɗewa.